Ranar da Kaltume Ta Ajiye Kunya

In ka sauka a Gidan Bunu, wani ɗan ƙauye arewa da Ɗanbatta inda gona ke manne da gona har gindin katanga, ka ce gidan Kaltume mai ƙuli kake nema, ba wanda zai ɓata yawunsa wajen yi maka kwatance. Ce maka za a yi ka bi hancinka. Tun tana amarya take matsar mai, ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali, ba ta fasa ba. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, hannunta duk tabon fallatsin mai. Ba ta da yawan magana, amma kada ka ɗauka sanyi ne. Taya ƙulinta da wulaƙanci ka gani, kallo ɗaya za ta yi maka ka rasa inda za ka sa kanka.

Ba matsoraciya ba ce. Ita ce ta kashe kububuwa da taɓarya a bayan rumbu, maza na tsaye suna shawarar wanda zai fara matsawa. Abu ɗaya ne a duniya ya taɓa kaɗa mata hanji, shi ne 'yarta ta fari.

Sunan yarinyar Aina'u, amma ba daga bakin Kaltume za ka ji wannan ba. Haka aka tashi aka tarar: ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta ɗaga shi ba, in an dake shi ba ta bin ba'asi. Matan yanzu sun fara sakin abin, har ka ji yarinya tana rangaɗa wa ɗan farinta kira a tsakar gida, ko a jikinta. Kaltume ba ta cikinsu. "Waccan" take cewa, ko "ta wajen Yaya". Domin ana yaye Aina'u, mijinta Malam Muhammadu Sani ya ɗauke ta ya bai wa yayarsa, Gwaggo Maimunat, da ke aure a Rijiyar Zaki. Ranar da za a tafi da ita aka ce wa Kaltume ta fito su yi sallama, ta ce kaskonta zai ƙone. Aka yi ta yaba mata, ana cewa ga 'yar da ta gaji kunya. Abin da ta yi a cikin madafi bayan mota ta tashi, wannan ita da Mahaliccinta.

A hannun Gwaggo Aina'u ta yi karatu, kuma Allah ya ba ta kai. Ranar da labari ya zo cewa ta samu gurbin karatun likita, matan Gidan Bunu har guɗa suka yi. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Safiyatu, maƙwabciyar Kaltume kuma aminiyarta. Shekara ɗaya aka kawo su garin, darni ɗaya ya raba gidajensu, har da wata kafa a jikinsa da suke miƙa wa juna wuta da daddawa. Daga ranar matan suka daina cewa Aina'u, suka koma cewa "Likitarmu". Kuma ba don ado suke faɗa ba. In haihuwa ta gagara a gida sai an nemi mota an tafi gari, a can ma sau da yawa namiji za a tarar, wasu mazan kuwa da sun tuna haka sai su fara jan ƙafa, a ce a ƙara ɗan jira. Matan sun gama yanke hukunci tun yarinya ba ta san hanyar ajinta ba: likitar mata za ta zama, 'yar gida, wadda za a kwance zani a gabanta ba a ji komai ba.

Kaltume ta ji daɗi a ranta, ba ta nuna ba. Ita a saninta likita shi ne mutumin da ke zaune kan kujera, fanka na kaɗa shi, yana rubutu.

Aina'u tana shekarar ƙarshe abin ya faru. Kaka ce, an baje gyaɗa a tsakar gida ana ɓara, sai wayar Malam ta yi ƙara. Kaltume ta ji ya ce, "Na'am, Yaya," daga nan sai ya fara salati ƙasa-ƙasa. Da ya sauke wayar bai dube ta ba, ƙwaryar gyaɗa ya duba.

"Yarinyar nan ce," ya ce. "An kawo wata mai naƙuda asibitinsu, ga zazzaɓi ga zubar jini, aka shiga da ita tiyata. Bayan ta rasu aka gano zazzaɓin Lassa ne. Duk wanda ya tsaya a kanta an killace shi, har ɗalibai. Ita ma ta taɓa jinin."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Kaltume, kamar labarin mutanen wani gari aka ba ta. Ta ci gaba da ɓara. Sai can ta lura ƙwayar take zubarwa a ƙasa, ɓawon take tarawa a ƙwarya.

An ce sai an yi mako uku ana dubansu kafin a san wanda ya kamu. Kai, jama'a! Mako uku ba komai ba ne ga wanda ke da bakin tambaya. Maza suka yi ta zuwa zaure suna yi wa Malam jaje. Mata suka yi gayya, suka cika mota suka tafi Rijiyar Zaki jajanta wa Gwaggo, don ita ce uwa. Kaltume kuwa ba wadda ta ce mata ci kanki, ba don mugunta ba, sai don yi mata jaje a kan 'yar fari tamkar tsiraita ta ne. Ta kwana ba barci, ta wuni ba ci, in an tambaya ta ce haƙori ke damunta.

Duk lokacin da ta ji Malam ya ɗauki waya, sai ta ɗauki tsintsiya ta kama sharar bakin zaure. Wurin ya sha shara har ƙasa ta fara rami. Malam mutum ne mai sanyi, amma ba makaho ba ne. Sai ya tsiro da wata ɗabi'a, ya riƙa maimaita duk abin da yarinyar ta faɗa da ƙarfi, kamar kurma. "Kin ce babu zazzaɓi? To, babu zazzaɓi! Kin ci abinci? Madalla, ta ci abinci!" Ita kuma sai ta tattara shararta ta wuce. A tsawon zamansu ba wata kyauta da ya yi mata da ta kai wannan.

Da ta ji a rediyo cewa ɓera ke kawo ciwon, sai ta ɗaura yaƙi da ɓerayen Gidan Bunu. Ta fitar da komai na ɗakin ajiya, ta kwaɓa ƙasa ta toshe ramuka, ta ɗana tarko a kowane lungu, ta aro kyanwa har biyu. Safiyatu ta leƙo ta kafar darni tana dariya.

"Ke Kaltume, ɓeran nan gadonki ya ci?"

"Gyaɗa yake mini ɓarna."

Safiyatu ta daina dariyar. Ta san ba gyaɗa ba ce, amma ita ma 'yar kunya ce, sai ta miƙo mata wani tarkon ta kafar.

A mako na biyu Malam bai maimaita komai da ƙarfi ba. Kaltume na tsaye da tsintsiya, ta ji yana cewa, "Tun yaushe?" a hankali. Ta tsayar da sharar. Ciwon kai ne da zafin jiki suka kama yarinyar, an ɗebi jininta an aika gwaji, sai an jira. A cikin jiran kuma aka ce babbar likitar da ta yi wa matar nan aiki, malamar su Aina'u, ta riga mu gidan gaskiya, ta bar ƙananan yara. Ranar Kaltume ta ƙona kasko guda na ƙuli, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bar shi yana hayaƙi, ta fita ta bayan gida ta shige cikin dawar da ba a girbe ba, inda kara ya fi ta tsawo. Ta cusa gefen zani a baki ta yi kuka kamar ranta zai fita. Tsoro take ji, tsoron a zo a ce mata yarinyar ta mutu, ita kuma ta ce "Allah ya jiƙanta" ta koma bakin murhu, don abin da ake jira ta yi ke nan.

Allah ya taƙaita, zazzaɓin sauro ne. Da aka sallame su, Aina'u ta zo gida ta yi 'yan kwanaki. Ta rame, wuya ya yi tsawo, idanu sun faɗa. Kaltume ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai, ta shiga ta yanka kaza ta ce don baƙi ne.

Wata la'asar Malam na zaune ƙarƙashin darbejiya yana tufkar igiya, Kaltume ta ba su baya tana murza ƙuli, sai Aina'u ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna tsakaninsu. Da babanta take magana, amma muryar ba shi kaɗai aka saita wa ba.

"Baba, an fara tambayarmu fannin da kowa zai bi in mun gama."

"Au, likitan ma iri-iri ne?"

"Kamar noma ne, Baba. Akwai mai tudu, akwai mai fadama. Mai tudu in ya yi girbi ya huta. Mai fadama ba shi da rani ba shi da damina."

Ta shiga yi masa bayani. Likitan ido, da na fata, da mai duba hoton ciki da ƙashi, galibi da safe suke fita, kafin magariba suna gida, ranar Sallah suna cin tuwo da iyalinsu. Mai karɓar haihuwa da mai tiyata kuwa ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba, don naƙuda ba ta duba rana. Ta ce malamarsu da ta rasu, ranar da aka kawo matar nan tun jiya take tsaye ba ta runtsa ba, kuma ɗanta ƙarami mai aiki yake bi yana kuka in za ta tafi, ba uwarsa ba. Ta ce akwai wani Zubair a ajinsu, da ya shigo yana cika baki wai shi ƙoƙon kan mutum zai riƙa buɗewa, yanzu ya ce hoto zai yi, yana so ya riƙa tarar da 'ya'yansa idonsu biyu. 'Yan matan ajin da yawa da niyyar haihuwa suka shigo, yanzu in an ta da zancen sai kowacce ta kama duban farcenta.

"To ke fa?" in ji Malam.

"Ido nake so, Baba. Ina son aikin, wallahi ba lalaci ba ne. Tsoho ya zo a jagore, a cire masa yana, ya koma gida da ƙafarsa. Kuma ina so in rayu kamar mutane, in yi aure in san 'ya'yana, su san ni." Sannan ta ƙara a hankali, "Tun da aka sallame mu, in na ji ƙarnin jini hannuna rawa yake yi. Ban gaya wa kowa ba."

Ƙulin da ke hannun Kaltume ya karye biyu.

"Me Yaya ta ce?" in ji Malam.

"Ta ce fannin mata zan yi. Ta ce ba don kaina aka yi mini karatun ba."

Malam ya daɗe yana murza igiyarsa a cinya. "Wanda ya ba da kyauta ba ya bin ta da sharaɗi," ya ce. "Na ba ta ke. Maganarki tana hannunta."

"Da dai wani zai sa baki," in ji Aina'u, tana kallon ƙasa.

Kaltume ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta kwashe ƙuli mai zafi a faranti, ta tura shi baya ba tare da ta juyo ba. "Malam, a gaya wa baƙuwar nan ta ci tun da zafi."

Ba wai ba ta gwada ba. Ta cika galan da mai, ta hau mota har Rijiyar Zaki da sunan ziyara. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce, "Yaya, an ce ciwon ido ya yi yawa a ƙasar nan."

"Sai su sa kwalli," in ji Gwaggo.

Kada ka yi saurin zagin Gwaggo Maimunat. Ciki ɗaya ta taɓa yi a duniya, ta kwana biyu a durƙushe ana jiran mijinta ya dawo ya ba da izinin fita, aka ciro yaron ba rai, ita kuma daga nan haihuwa ta yi mata sallama. Duk wahalar da ta ci kan karatun Aina'u, da wannan ciwon ta ci ta. Kaltume ta san haka, shi ya sa bakinta ya ƙara nauyi. Ta baro galan ɗin ta dawo gida da maganarta a ciki.

Da Aina'u ta gama, aka shirya walima a Gidan Bunu. Mata suka cika tsakar gida har bakin turken awaki. Kaltume na can gefe wajen tukwane tana rabon shinkafa, inda ya dace da uwar 'yar fari, kamar wadda aka ɗauko aikin biki. Aka zaunar da Aina'u a tsakiya kan sabuwar tabarma, kusa da Gwaggo.

Bayan an ci an yi addu'a, Gwaggo ta gyara murya. "To, iyaye, ga amanarku ta kammala. Saura ƙwarewa, kuma kun san fannin da za ta bi."

Aka ɗauki guɗa. Safiyatu ta miƙe tana share ido. Ita ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai da aka fara fid da rai Allah ya ba ta 'yar fari, Sadiƙa, wadda aka kai ɗakinta a watan da ya wuce. Ba ta ambace ta ba, ina! Cewa ta yi, "Ga 'yan matanmu ana ta kai su ɗaki. Yanzu hankalinmu ya kwanta, muna da tamu."

"Faɗa musu da bakinki," Gwaggo ta ce da Aina'u. "Su ji daga gare ki."

Daga wajen tukwane Kaltume ta ɗago kai. Ta ga kofin ruwa a hannun yarinyar yana rawa, har ruwan na zuba a kan atamfarta. Ta ga ta buɗe baki, ta san "to" za ta ce, don ba a yi mata tarbiyyar cewa a'a ba. Gaban Kaltume ya yanke ya faɗi. In ta yi shiru, ta ga hanyar da malamar nan ta bi, ta ga kanta tana sharar bakin zaure har ƙarshen rayuwarta tana jiran waya. In ta yi magana, sunan da ta gina tun tana amarya ya rushe a gaban kowa. Gaba kura, baya sayaki.

"Ba za ta yi ba."

Muryar ta fito a shaƙe, har wasu suka waiga suna neman mai ita.

"Wa ya yi magana?" in ji Gwaggo.

"Ni ce, Yaya." Ludayi na hannunta, miya na ɗiga a ƙafarta ba ta sani ba. "Ba za ta yi ba. Ido take so, ido za ta yi. 'Yata ce, ni na haife ta."

Wata tsohuwa ta saki salati. Wata ta rufe baki da mayafi. "Kaltume! A gaban mutane?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce, yanzu kuka ya fara cin muryar. "Mako uku ina jiran a zo a ce mini ta mutu. Kun cika mota kun tafi jaje, ba wadda ta leƙo ta ce Kaltume yaya kika kwana. Ban ga laifinku ba, haka aka saba. Amma ni na ji abin da na ji, kuma ba zan iya sake jin sa ba. Ku dubi hannunta! Ku ce ba ni da kunya, na yarda, ba ni da ita."

Aina'u ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Gwaggo Maimunat ta miƙe a hankali, ta yafa mayafinta. "To, uwar 'ya," ta ce, "ga 'yarki nan." Ta fice ba ta waiga ba. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko kwanonsu ba su ɗauka ba. Safiyatu ce ta ƙarshe. Ta tsaya a gaban aminiyarta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe taki ta fi namu," ta ce.

Washegari Kaltume ta tarar an toshe kafar darni da sabon kara.

An yi ta da ita a garin, ba ƙarya. A bakin rijiya in yaro ya yi tuntuɓe sai wata ta ce, "Wayyo ɗana, ni na haife shi!" a kwashe da dariya. Gwaggo ta yi watanni ba ta ɗaga wayar kowa, sai da Aina'u ta yi ta zarya tana durƙuso kafin ta sauko, shi ma sama-sama. Aina'u ta shiga shekarar horo, ta fara karatun jarrabawar masu ido. Ta ɗan murmure, kumatu suka dawo. In ta zo gida takan zauna a madafi kusa da uwarta, ba sa wata doguwar hira, amma an daina aiken saƙo ta bakin Malam.

Ka ce hankalin Kaltume ya kwanta? Ina! Ɗaki kawai tsoron ya canza. Duk mai cikin da ta gifta ta ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta bi ta da addu'a har ta ɓace. Mai hankali ya san ko da Aina'u ta zaɓi haihuwa sai ta yi shekaru kafin ta ƙware, kuma a birni za ta zauna, ba a Gidan Bunu ba. Amma wanda ya yi rashi ba ya wannan lissafin, kuma Kaltume ta san ranar da aka rasa wata, ita za a kalla.

Da damina ta kama aka kawo Sadiƙa gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Kaltume na jin muryarta ta bayan darni, tana jin dakanta, tana jin dariyarta. Sau da yawa ta zuba mai a kwalba za ta aika, sai ta tuna sabon karan nan ta mayar.

Wata rana, maza duk suna gona ana maimai, wato noma na biyu, da la'asar sakaliya ta ji hayaniya a maƙwabta. Ta fito ƙofar gida ta ga an yi ta guje-guje neman mota, ta ga an fito da yarinyar a tabarma, zanin da aka rufa mata ya jiƙe. Motar ta tashi da gudu tana watsa taɓo. Kaltume ta tsaya nan a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa zama, bakinta na motsi. Kafin rana ta faɗi motar ta dawo, a hankali take tafiya. Ba su kai Ɗanbatta ba rai ya yi halinsa, ita da abin cikinta duka.

Da safe bayan an kai ta makwancinta, Kaltume ta sa mayafi ta cire, ta sa ta cire. Malam ya ce, "Ki je. Rashin zuwan ya fi." Tsakanin ƙofarta da ta Safiyatu ba nisa, amma ba ta taɓa tafiyar da ta yi mata tsawo haka ba. Ta shirya jin komai: a ce ga wadda ta hana mu, a tofa mata yawu, a ce ta fita.

Ta yi sallama, tsakar gida cike da mata, aka amsa ciki-ciki. Idanu suka yi mata caa. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ta yunƙura za ta koma bayan mutane.

"Kaltume."

Safiyatu ce, daga bakin ƙofar ɗakinta. Idonta a bushe, don ko yau ba a so a ga hawayen uwa a kan 'yar fari. "Zo ciki."

To, ga ta nan, in ji Kaltume a ranta. Ta bi ta. Safiyatu ta saki labule, ta zauna bakin gado, ta kama hannun Kaltume ta riƙe gam har yana zafi.

"Tun hantsi na ga alama," ta ce. "Tana daka, sai ta tsaya ta dafa turmi. Ita tana ɓoyewa, kin san cikin fari. Ni kuma na kau da kai. Da azahar na ga jini a zaninta, Kaltume, da idona. Na fita har bakin zaure zan ce a kira babanta daga gona a nemo mota, sai na tarar da tsofaffi zaune suna hira. Na tsaya. Na ce yanzu sai a ce na ruɗe a kan 'yar fari, a mayar da ni abin dariya a bakin rijiya. Na dawo na aika a kira kakarta, ita ta yi maganar. Kakar ta tafi unguwa. Na zauna ina jiranta."

Kaltume ta zauna kusa da ita a bakin gadon.

"Ina cikin masu yi miki dariya," in ji Safiyatu. "Gaya mini, ke yaya kika yi bakinki ya buɗu?"

"Wallahi ban sani ba, Safiya. Ba jarumta ba ce. Tsoro ne ya yi mini yawa."

Safiyatu ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. A waje wasu sababbin masu gaisuwa suka yi sallama, ana neman uwar mamaciya.

"Ni ma fa na ji tsoron, Kaltume," ta ce. "Wallahi na ji shi. Haɗiye shi na yi."